Rasuwar Ƙafa-Uku a Bakin Wutar Layya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, fushi kuma ya taso ya zauna a samansa kamar kitse kan romo, iyalan Malam Isah na Galadi, mazauna Kaura Namoda, suke sanar da dangi na kusa da na nesa, da maƙwabta, da duk amaren da aka taɓa ɗauka hoto a wannan shiyya, rasuwar baiwar Allah Ƙafa-Uku, wadda masu sana'a ke ce wa tiraifod, madogarar kyamarar jikarmu Rahina mai hoto. Ta rasu jiya ranar Babbar Sallah, wajen la'asar, a ƙofar gida, a gaban maza baligai masu gemu, kuma babu wanda ya hana.

Ba mutuwar Allah da Annabi ta yi ba. Kashe ta aka yi. Sunan wanda ya yi aikin yana nan tafe, kowa ya yi haƙuri, sai an gama faɗin alherin mamaciya kamar yadda aka saba.

Ba a san garin da aka haife ta ba. Rahina ta tsince ta a wani shago a Gusau, 'yar gwanjo, da tabo ɗaya a cinya, an jingine ta bayan ƙofa kamar marainiya. Ta rungumo ta a mota har Kaura, ba ta yarda an ɗora ta a but ba. A hanya jami'an tsaro masu shinge suka ga doguwar baƙar jaka a cinyar mace, suka zaci bindiga ce, suka sa aka tsaya, aka sauke kowa. Marigayiya ta fito ta miƙe ƙafafunta uku a bakin kwalta, ba gardama, ba ɗaga murya, har mutanen suka ji kunya suka ce a tafi. Tun ranar aka san mai haƙuri ce.

Wanda bai san halin da Rahina take ciki kafin zuwanta ba, ba zai san girman wannan rashi ba. Rahina hoton mata take ɗauka: lalle, kamu, wankan amarya, suna. Wuraren da namiji mai hoto ba ya shiga. Kuma kowa ya san ɗakunanmu, taga kamar ta kurciya, ƙwan sola guda ɗaya a sama, shi ma yana gyangyaɗi. Bikin mata kuwa ba ya kankama sai rana ta yi sanyi. In Rahina ta ɗauka da hannu, amarya ta fito da hanci biyu. In ta kunna walƙiya, fuska ta yi fari fat kamar an tsoma ta a garin rogo, ido ja kamar na kyanwa a ƙarƙashin gado. Akwai wata amarya a Banga, ba za a faɗi sunanta ba don yanzu 'ya'yanta biyu, wadda dangin ango suka ga hotonta suka aiko a tambaya ko jinya take yi. Yarinya lafiyayya, mai ƙiba, mai cin tuwo har da neman ƙari. Rahina ta kwana uku tana kuka a kan wannan hoton.

Ita ce ta yi wa mutanen gida bayani, kuma bayanin ba wuya gare shi ba. Kyamara ido gare ta kamar na mutum. Da rana ƙiftawa ɗaya ta ishe ta. Idan haske ya yi ƙaranci, sai ta buɗe ido ta daɗe tana kallo kafin ta rufe, kuma a wannan ɗan tsakanin in ta motsa, ko da motsin numfashi ne, hoto ya tashi aiki. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa. Jini na gudu, zuciya na bugawa, sauro na cizo. Sai an sami wadda ba ta numfashi, ba ta jin sauro, ba ta waiwaye in an shigo da kwanon nama. Wannan ita ce Marigayiya.

Ta yi tsayuwar da babu macen da ta taɓa yi a gidan biki. Ba ta taɓa neman kujera ba. Ba ta taɓa cewa a zuba mata a leda ta kai wa yara ba. Ta shiga ɗakunan Kaura, ta je Shinkafi, ta je Zurmi a bayan babur. Ta ga wadda ta aro sarƙar gwal ta ce mijinta ya saya mata. Ta ga wadda fuskarta ta yi fari, gwiwar hannunta ta ƙi bin ta. Ta ga uwar ango tana ɗaga murfin akwati tana ƙirga atamfa da leɓe. Duk ta gani, ba ta taɓa fitar da ko kalma ɗaya ba, abin da ba kowa Allah ya ba ba.

Maganarta a duniya kaɗan ce. In ana buɗe maƙullan ƙafafunta sai ta ce ƙas, ƙas, ƙas. In an juya wuyanta sai ta ce ƙiii, a hankali, kamar tsohuwa mai miƙa bayan sallar asuba. In an ɗora mata kyamara an ɗaure, sai ta ce ƙit, shi ke nan, ba za a sake jin bakinta ba sai an tashi. Yau da safe Rahina ta ji ƙyauren kicin ya ce ƙiii, ta ajiye ludayi ta fita.

Ba a ce ba ta da sharaɗi ba. Mai mutunci ce, kuma mai mutunci yana da abin da ba ya so. Tana so a buɗe mata ƙafafu sosai, a dasa su a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ko tabarmar da yara ke ja ba. In za a ƙara mata tsawo, a fara zaro ƙafa mai kauri, siraran su zo daga baya. Ba ta son a zaro mata dogon wuyan nan na tsakiya sai dole, don in ya yi sama rawa yake yi kamar zangarniyar gero. In iska na kaɗawa, akwai 'yar ƙugiya a cikinta, a rataya mata jaka da dutse a ciki, sai ta kafe kamar an shuka ta. Babban abin da ta tsana shi ne yatsa. A gama saita komai, sannan mutum ya zo ya danna kyamara da yatsa ya girgiza ta, wannan cin fuska ne. Rahina sai ta sa ƙidaya, ta janye hannu, kyamara ta yi ta ƙyafta 'yar jar fitila, ta ɗauka da kanta. In duhu ya hana kyamara gane fuska, sai a haska tocila a goshin amarya har ta gane, a kashe tocilar, a ce kowa ya ƙame. Akwai kuma wani abu da Rahina ke kira aiso, wanda in an ƙara shi hoto ya yi haske amma ya fito da ƙuraje kamar tsakin dawa. Tun da Marigayiya ta zo ba a sake matsa masa ba. Amare suka koma fitowa da hanci ɗaya, da fatar da Allah ya ba su, har zanen lallen yatsa ana gani.

To, ga abin da ya sa wannan mutuwa ta fi ƙarfin a ce Allah ya mayar da alheri a wuce.

Malam Isah, kakan Rahina, tsoho ne ƙwarai, kuma bai taɓa zama an ɗauke shi hoto da iyalinsa ba. Ba ya so. Tun da zaman Galadi ya gagara aka dawo da shi Kaura, iyalin nasa suka watse, wasu Katuru, wasu Zurmi, wasu suka daure suka zauna a Galadin. Ba sa haɗuwa sai Babbar Sallah, ita ma sai hanya ta yi kyau. Uban Rahina, Mamuda, ɗan Malam na fari, ya fita wata safiya zuwa gona bai dawo da ransa ba, kuma bai bar hoto ko na katin zaɓe ba, don katin ya ƙone tare da ɗakinsa. Wannan ne ya sa yarinyar ta kama kyamara tun farko. Ta yi ta bin Malam, da wasa, da kuka, da fura mai nono, har bana ya ce to. Sau ɗaya, in ji shi. Kuma tun da aka yi masa aikin yanar ido ba ya iya kallon rana, ba ya fitowa tsakar gida sai ta faɗi, walƙiya kuwa likita ya hana. Ke nan hoton sai bayan magariba, a ƙarƙashin ƙwan sola, babu walƙiya. Ke nan sai da Marigayiya. Kuma da ita ne kaɗai Rahina za ta iya sa ƙidaya, ta ruga ta zauna a gaban kakanta, ita ma ta fito a cikin danginta. Kowa a gidan ya san wannan. Akuyar gidan ma ta sani.

Jajibirin Sallah Rahina ta goge ta da tsumma, ta ɗiga mata man keken ɗinki a gaɓoɓi, ta gwada wurin da za ta tsaya, har ta zana da gawayi a ƙasa. Ta jingine ta a ɗaki, lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi.

Yanzu an zo kan suna. Armiya'u ne. Armiya'u ɗan Malam, ƙanen Mamuda, baffan yarinyar. Armiya'u wanda ya san komai: ya san gyaran rediyo, ya san maganin basir, ya san abin da gwamna ya faɗa wa matarsa. Armiya'un da ya taɓa wanke injin markaɗe da omo yana kunne.

Kowa ya san yadda mazanmu ke gasa layya. A feɗe rago, a banƙare shi a jikin itace, a kafa a kewaye babbar wuta, a tokare kowane da sanda daga baya, ya yini yana shan zafi yana ɗigar kitse. Bana itace ya yi wuya, don daji ba ya shiguwa. Aka kafa raguna, sanda ɗaya ta kasa, kuma ta babban ragon Malam ce. Mai hankali zai je maƙwabta ya aro. Mai hankali zai cire ƙotar fartanya. Armiya'u sai ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa Lubabatu ta miƙo masa abin nan mai ƙafa uku na ɗakin Rahina. Lubabatu kuwa, wadda dama an taɓa kama ta ta shanya wandon jaririnta a kan Marigayiya, ta shiga ɗakin da ba nata ba ta ɗauko ta miƙa. Rahina tana bayan gida tana wanke kayan ciki, hannu dumu-dumu.

Ya buɗe ta. Ta ce ƙas, ƙas, ƙas, don ita ba ta san mugunta ba, ta ɗauka aiki ne. Ya dasa ta a bakin garwashi. Ya jingina mata ƙaton rago a ka, inda kyamara ke zama, ya ɗaure da waya. Maza suna zaune a inuwa suna kallo. Wani ma cewa ya yi kai, Armiya'u akwai dabara.

Ciwon ajali ya fara mata daga tafin ƙafa. Takalmanta na roba suka yi laushi, suka narke, suka manne da ƙasa. Ba ta motsa ba. Kitse ya riƙa ɗiga mata a wuya yana kamawa da wuta. Ba ta motsa ba. Ta yi tsaye tun azahar, da nauyin da ba a halicce ta dominsa ba, tana yin abin da ta saba, wato riƙe amanar da aka ɗora mata. Da la'asar Rahina ta wanke hannu ta shiga ɗaki ta tarar da wayam. Ta tambayi Lubabatu, Lubabatu ta ce ita dai wani abin shanya aka ce ta miƙa. Rahina ta fita ƙofar gida ko mayafi ba ta gyara ba.

"Baffa, mi nike gani haka?"

"Rago kike gani. Matsa, hayaƙi zai shiga miki ido."

"Ƙafar kyamarata ce fa! Ita za ta ɗauki Malam in an yi magariba!"

"To cinye ta na yi? Aro na yi, ɗiyata. Ƙarhe ne, mi wuta za ta yi mashi? In rago ya nuna ki goge abinki."

"Baffa, maƙullan roba ne!"

"Ke dai kin cika tsoro. Ni da na yi gyaran rediyo..."

Bai rufe baki ba Marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Ba ƙas ta ce ba. Wani sauti ta yi, fyuuu, kamar an sace iskar taya. Maƙullin ƙafar gaba ya zube kamar narkakkiyar alewa, ƙafar ta shige cikin 'yar uwarta, ta durƙusa, ta kifa cikin garwashi, rago a kanta.

A nan ne mazan unguwa suka nuna ko su wane ne. Suka miƙe gaba ɗaya suna ihu, rago, rago, ku ceci rago! Mutum shida suka ɗaga rago. Aka kawo ruwa aka wanke masa toka, aka shafa masa gishiri, ana yi masa sannu kamar ɗan sarki ya faɗo daga doki. Wadda ta yini tana ɗauke da shi kuwa tana kwance cikin wuta, kanta yana ci, ba wanda ya dube ta. Rahina ce ta sa hannu ta jawo ta, yatsunta uku suka ƙone. Armiya'u ya dubi gawar, ya dubi yarinyar, ya ce ashe abin jabu ne, an cuce ta a Gusau.

Allah ya isa tsakaninmu da wannan magana.

Duk da haka magariba ta yi, kuma ba a fasa ba, don mutanen Galadi sun iso a kan babura, ƙura har gira, na Katuru da na Zurmi duk suna nan. Aka fito da Malam cikin farar riga, aka zaunar da shi a kujera, iyali suka jeru. Rahina ta yi duk abin da mai hoto ke yi in ba shi da madogara. Ta jingina da bangon rumbu. Ta manne gwiwar hannu da haƙarƙari. Ta ja numfashi ta riƙe. Amma ƙonannen yatsa ba ya jin lallashi, kuma idon da ke cike da hawaye ba ya saiti. Ta ɗauka, ta duba, Malam da gemu biyu. Ta sake, yara sun zama hayaƙi. Ta ƙara aiso har ƙarshe, fuskokin dangi suka fito kamar an watsa musu tsaki. Malam yana zaune yana haƙuri, gwiwarsa na ciwo.

Sai ga Armiya'u, da maiƙo a baki, ya ratso ya ce wai ba ta iya ba, a ba shi wuri. Kafin a ce kai, ya ɗaga wayarsa a saitin fuskar ubansa, ya sakar masa walƙiya. A idon da aka yi wa aiki. Malam ya dafe ido da hannu biyu.

"Ku kai ni ɗaki," in ji Malam. "Na zauna, an ɗauka, an gama. Kada wanda ya sake yi mini maganar hoto."

Wannan hoton na Armiya'u, wanda Malam ya rufe fuska a ciki, aka yanke kawunan mutanen Zurmi, babban yatsan mai ɗauka ya cinye matan Katuru, shi ne ya tura wa dangi a waya da dare, ya rubuta Masha Allah a ƙasa. Duk wanda ya mayar masa da alamar babban yatsa, an ga sunansa.

Marigayiya ta rasu ta bar kyamara ɗaya, wadda yanzu take takaba a cikin jaka. Ta bar ɗan faifan nan da ake ɗaurewa a gindin kyamara, yana nan manne, maraya, ba shi da inda zai zauna a duniya. Ta bar tocila, da batura biyu, ɗaya dama ba shi da lafiya. Ta bar doguwar baƙar jaka wadda babu abin da zai sake shiga cikinta sai ko rake. Ta bar amare da aka riga aka sa ranarsu bayan Sallah, waɗanda yanzu sai su roƙi Allah. Ta bar Rahina, da hannu a naɗe, wadda ba ta ci naman Sallah ba, ta ce warin roba take ji a jikinsa. Ita kaɗai ta ji. Sauran sun ci har da suɗe yatsa.

Yau da hantsi Rahina ta naɗe gawar a zane ta shiga da ita ɗakin Malam. Wadda ta ji abin da aka faɗa ba laɓe ta yi ba, shara take yi a bakin ƙofar, kuma wurin yana da datti ƙwarai.

"Amarya," in ji Malam, don haka yake kiran jikar tasa, "mi kika kawo mini mai warin ƙauri? In abincin Sallah ne, na sake ki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora masa a cinya. Ya shafa ƙafafun, ya shafa dunƙulen da a da shi ne kai.

"Wannan ita ka riƙe miki abin?"

"Ita ce, Malam."

"Aikin Armiya'u?"

"Shi ne."

Rahina ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, babana ya tahi ba ni da fuskarshi. Jiya na kwanta ina son in tuna yadda hancinshi yake, na kasa. Gobe da sahe mutanen Galadi za su hau babur. Ban san wa zai dawo baɗi ba."

Tsintsiyar bakin ƙofa ta tsaya cak.

"Na faɗi gaban mutane ba ni sake zama don hoto," in ji shi, "kuma ban saba mai da magana ba. Amma an yi rashi a gidana. In mutane sunka zo gaisuwa, wa za su iske in ba ni ba? Ki ce ma Balaraba ta sanar, ga ta nan bakin ƙofa tana sharar wuri ɗaya tun ɗazu. Ni zan zauna in karɓi gaisuwa. Abin da kike yi can gaba da akwatinki, ba da ni ba. Amma kowa zai tsaya, har shi wawan. Ɗana ne, ba ni da yadda zan yi."

Saboda haka ga yadda aka tsara.

Za a yi zaman gaisuwa yau ɗin nan, da an sallame magariba, a tsakar gidan Malam, ƙarƙashin ƙwan sola. An goge ƙwan, an kuma hana kowa cajin waya a batirinsa tun safe. Ba za a yi wa Marigayiya salla ba, don baƙin ciki bai kai mu ga hauka ba. Za a rufe kan da ya narke a bayan rumbu. Ƙafafun Rahina ta ce a bar mata, don haka 'yan gwangwan da suka fara zagaye ƙofar gida tun asuba su kama gabansu.

Kowa ya zo da kayan Sallarsa. Wanda ya ɓata nasa da maiƙo ya juya riga. Mutanen Galadi, da na Katuru, da na Zurmi, kada wanda ya ce zai leƙa kasuwa ya dawo. Dogaye a baya, mata a dama, yara a ƙasa, kuma a cika musu ciki tukuna don kada su yi ta mutsu-mutsu. A bar wuri a gaban ƙafar Malam, na Rahina ne, duk wadda ta zauna a nan za a ɗaga ta ko ta girmi kowa.

Wanda zai riƙe kyamara a madadin mamaciya shi ne babban turmin gidan nan. Za a kife shi a kan benci, a ɗora masa ƙullin gero, a nutsa kyamara a cikin geron har ta zauna daram. Ba shi da wuyan juyawa, ba shi da ladabin Marigayiya, amma ba ya numfashi, kuma ba a taɓa jin ya narke ba. Rahina za ta haska tocila a rawanin Malam, ba a idonsa ba, ta kashe, ta sa ƙidaya, ta rugo. Daga lokacin da 'yar jar fitila ta fara ƙyaftawa, ba tari, ba gyaran ɗankwali, ba korar sauro. Wanda sauro ya ciza ya bar shi ya sha, sadaka ce.

Za a karɓi wayar kowa a zaure a zuba a ƙwarya. Ta Armiya'u za a sa ta a ƙasan ƙwaryar, a kife da faifai, mai sanarwa ta zauna a kai har a fara jeri. Sadakar mamaciya cinya biyu ce daga kason Armiya'u, Lubabatu za ta soya, ba za ta ɗanɗana ba. Masu zuwa gaisuwa kada wanda ya ce wa Rahina ai abin duniya ne, ko ai za a sayi wata. A ce mata ya haƙuri, a wuce a tsaya a layi.

Shi kuwa Armiya'u, tun da Malam ya ce ɗansa ne, za a sa shi. An zana masa wurinsa da gawayi, can ƙarshen layi ta hagu, da tazarar kamu ɗaya tsakaninsa da kafaɗar na kusa da shi. Ya tsaya a nan, hannu a aljihu, baki a rufe. An bar tazarar ce don in an wanko hoton, almakashi ya samu hanyar wucewa ba tare da ya taɓa kowa ba.

Sanarwa daga Balaraba, ƙanwar Malam Isah, a madadin iyali.